Ranar da Mu'azu Ya Ƙi Wuce Ƙwallon Tonton

Ƴan uwa masu bin labarin nan, ku gyara zama, don yau ba wanda zan rufa wa asiri, har da ni mai ba da labarin. Wadda yanzu ta shigo kuma, ga inda muke. Sunana Rahama, a unguwar Bukoki nake a nan Yamai, ina aiki a wani kantin magani. Babana mutumin Maraɗi ne, yana da rumfar katako a kasuwar Katako, Allah ya ji ƙansa. Tun da ya rasu maganar aurena ta koma hannun yayansa, Tonton Yusuf. Sai kuma Mu'azu, wanda Mama ta gano mini a wajen wani suna a Koira Kano, ta dawo gida tana rawar jiki kamar ta tsinci sarƙar zinariya.

Mu'azu ɗan Tawa ne, injiniya, ya yi karatu a Maroko. Ba zan ce masa mummuna ba, ina tsoron Allah. Amma ku shiga status ɗinsa ku sha kallo. Yau ga shi da farin wando da farar hular kaskat a kan ciyawa kore shar, ya saɓa sandar golf a kafaɗa, safar hannu a hannu ɗaya kamar wanda ya ƙone da man suya. Gobe ga shi yana duban nesa, ya rubuta wata magana da faransanci a kan haƙuri. Kowace safiya kuma sai ya aiko mini da hoton fure da «Barka da asuba, Malama Rahama». Malama. In ya zo zance, turarensa ke riga shi yin sallama, ya zauna a bakin kujera ya haɗa gwiwa yana tambayata ko aiki lafiya. Ni kuwa in ce lafiya, in ci gaba da latsa waya, in bar shi da lemon zoɓonsa, bisap.

Ranar da abin ya ishi Mama, ta same ni a ɗaki ina ƙunsa lalle a ƙafa, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

«Ke Rahama, hwaɗa mini laihin yaron ga guda. Guda tak.»

«Mama, ni ban ce yana da laifi ba.»

«To mi kike jira? Mutanensa sun aiko, sun sake aikowa. Ni ka jin kumya in na gamu da gwaggonsa a kasuwa, har hanya nake sakewa.»

Gaskiyar magana, yaron ba shi da laifi. Abin da ke ci mini rai shi ne Mama ce ta zaɓo, kuma kullum sai an yaba mini shi kamar sabon firiji. Sai wata dabara ta faɗo mini, na ce: «Shi ke nan, Mama. A kai shi wurin Tonton. Duk abin da Tonton ya yanke, na yarda.»

Mama ta kira ƙanwata Sadiya daga tsakar gida. «Zo ki zama shaida. Maimaita, Rahama.»

Na maimaita har da ɗaga hannu. Mama ta fita tana murmushi, a ganinta ta kama ni. Ni ma ina murmushi, don na fi ta sanin Tonton.

Bari in gaya muku waye shi. Tsohon darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati, shi da bakinsa ya hana mu ce masa Baba, wai Tonton. Duk duniya ba abin da ya tsana kamar mai sunkuyar da kai. Ya sha gaya mini a mota cewa duk wanda ya taɓa cin amanarsa a buro, wato ofis, daga cikin masu durƙusa masa har ƙasa ne. In kana magana da shi ka dube shi cikin ido, in ya yi kuskure ka gaya masa, shi ne zai ɗauke ka mutum. Tun da aka yi masa aikin ido ya bar tuƙi, ni ke kai shi filin golf duk Asabar, har ya koya mini bugawa. Da Mama ta kai masa maganar Mu'azu, cewa ya yi ba ya gane mutum a falo, tunda an ce yaron yana taɓa wasa, ya zo fili ran Asabar su zagaya tare.

Ran Juma'a da la'asar saƙo ya shigo.

«Malama Rahama, don Allah ki taimake ni. Wane irin mutum ne Tonton? Mi yake so, mi ba ya so? Ba ni son in yi kuskure.»

Na nuna wa Sadiya. Muka kalli juna. Na gyara murya, na danna vokal, na yi magana a hankali kamar mai wa'azi a rediyo.

«Ka ga Tonton, mutumin da ne, ba ya wasa da kunyar surukai. In ka gan shi ka cire takalmi ka durƙusa. Kada ka yarda ku haɗa ido. Kada ka shiga gabansa in kuna tafiya. Kada ka ci ko ka sha komai yana kallo, ko ruwa ne.» Sadiya ta cusa kai cikin matashi tana shure-shure. Ganin haka na ƙara wadda ban ma shirya ba: «Kuma abin da ya fi duka, ƙwallonka kada ta kuskura ta wuce tasa. A wurinsa raini ne.»

Na aika. Alamar ta koma shuɗiya nan take. Ya ɗan jima yana rubutu yana gogewa, sannan amsa ta zo: «Dakor. Na gode ƙwarai. In sha Allahu zan kiyaye.» Har da fure.

Kafin in kwanta kuma na tura wa Tonton hotunan golf guda uku da Mu'azu ya ɗauka a Maroko, na rubuta a ƙasa: «Ga abokin wasanka na gobe. An ce gwani ne, sai ka shirya.»

Kada ku ɗauka filin namu irin na talabijin ne, mai tafki da agwagi. Yana bayan gari a kan tudu, daga can ana hango kogi. Ciyawa babu ko ƙwaya, sai tsakuwa da ƙarangiya da itatuwan aduwa, awaki na ratsawa yadda suka ga dama. Kowane ɗan wasa yana yawo da guntun kafet na ciyawar roba, tapi ake ce masa. Duk inda ƙwallonka ta faɗi, ka ɗauke ta ka ɗora a kan tapi ka buga. Kewayen kowane ramin da ake jefa ƙwallo kuwa yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, in kun gama sai a ja wani ƙarfe a share sawu saboda na baya. Masu zuwa yawanci irin su Tonton ne, tsofaffin ma'aikata da likita ya ce su riƙa tafiya saboda ciwon sukari. Ba wanda ya iya, ba kuma wanda ya damu, a buga a yi hira a koma gida.

Na sa doguwar rigar atamfa mai sauƙi da wando a ciki, baskat a ƙafa, na ɗaura ɗankwali na ɗora malafa. Tonton ya sa tsohuwar rigarsa mai wuya da ta koɗe, da wandon kaki da malafa. Watan Afrilu ne, tun rana ba ta ɗaga ba iska ta fara ɗumi kamar daga bakin tanda.

Muka tarar da Mu'azu ya riga mu. Na so ku gan shi. Ni da nake jiran farin wando, sai ga mutum cikin shadda ruwan ƙasa, riga har ƙwauri, ta sha sitati tana ƙara in ya motsa, ga hula an kafa, ga jakar sanduna a kafaɗa. Kamar wanda za shi ɗaurin aure aka ce ya biya ya yi farauta. Yana hango Tonton ya ajiye jaka, ya tuɓe takalmi a kan tsakuwar nan, ya zube.

«Barka da kwana, Baba. An tashi lahiya, Baba?»

Tonton ya miƙa masa hannu. Hannun ya tsaya a iska, don Mu'azu ƙasa yake kallo. Tonton ya dube ni ta saman tabarau, na kau da kai ina gyara malafa don kada dariya ta tona ni.

«Bon. Tashi, samari. Sa takalminka, akwai ƙaya.»

«To, Baba.»

«Tonton.»

«To, Baba.»

Ya miƙe, safarsa ta kwashi ƙarangiya kamar an barbaɗa mata riɗi. A raina na ce an fara.

Tonton ya fara bugu. Bugun Tonton kuwa, Allah ya ba shi lafiya, ƙwallo ba ta san sama ba. A ƙasa take tafiya tana tsalle kamar ƙadangare, ta je ɗan nesa kaɗan ta kwanta. Mu'azu ya tsaya ya ƙare wa inda ta tsaya kallo, ya shimfiɗa tapi, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga sanda rabi, ya taɓa ƙwallon kamar mai tsoron ta fashe. Ta gangara ta tsaya a bayan ta Tonton.

«Iska ce,» in ji Tonton, don ya fitar da shi kunya. Ko ganye ba ya motsi.

Ni na buga tawa ta wuce su duka biyu. Tonton ya tafa hannu ya ce: «Vwala. Haka ake yi, ɗiyata.»

Yanzu ga inda abin ya yi daɗi. A dokar wasan, wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugu na gaba. Tunda Mu'azu ya ajiye tasa a baya, dole shi zai fara, alhali bai san iyakar inda ta Tonton za ta je ba. Wallahi ni kaina ban yi wannan lissafin ba lokacin da nake vokal. Sai ga injiniya guda ya tsaya yana zufa, yana auna ƙarfin dattijo da ido, sannan ya rage nasa ya koma rabin wancan don kada a yi rashin sa'a. Ramin da ake gamawa da bugu biyar ko shida, mu sai da muka yi ta tura ƙwallo kamar masu kora kaza mai ƴaƴa. Wasu likitoci biyu da ke bayanmu suka gaji da jira, suka nemi izini suka wuce, ɗaya yana tambayar Tonton da zabarmanci ko baƙon nasa ba shi da lafiya.

Tafiya kuma wani sabon wasan kwaikwayo. Tonton mutum ne mai son hira kafaɗa da kafaɗa. Mu'azu kuwa yana can baya taku uku, in Tonton ya tsaya ya tsaya, in ya waiwayo ya yi tambaya sai ya rusuna ya amsa wa tsakuwa.

«A Maroko wane fanni ka karanta?»

«Sadarwa, Baba.»

«Matso mana, ba ni jin ka.»

Ya matso taku ɗaya, ya ƙara sunkuyawa.

«Mi kake gani game da yadda ake yanke mana wuta a bazara? Ku injiniyoyi ba ku da magana?»

«Yadda Baba ya gani, haka ne.»

«Ai ban ce komi ba tukuna.»

«Haka ne, Baba.»

Na ga jijiyar gefen kan Tonton ta tashi. Na san wannan jijiyar, ita ce ke tashi in an kawo masa shayi da sukari. Na laluba waya a aljihu na rubuta wa Sadiya: «Aiki yana kyau. Ki ce wa Mama ta fara neman wani.»

A rami na biyu na sake wuce Tonton, ya sake yaba mini, har ya ce da ina da ƙarfin hannu da na fi shi tun bara. Na lura Mu'azu ya ɗago kai a karon farko. Ya dubi Tonton, ya dube ni, ya ɗan jima. Sannan ya shimfiɗa tapi ya sake taɓa ƙwallonsa a hankali, ta tsaya a baya kamar ɗazu. Ban kawo komai a raina ba, na ce ga shi nan, ko a gabansa aka yi abu ba ya ganewa.

Duk ramin da muka gama, kafin wani ya motsa Mu'azu ya ruga ya ja ƙarfen nan ya share yashi, shadda tana jan ƙasa, bakin rigar ya yi baƙi da mai. Na ce masa: «Malam Mu'azu, ko nan za mu nema maka aiki?» Ya yi murmushi ya ci gaba da jan ƙarfensa.

Rana ta take. Wanda bai san zafin Yamai na Afrilu ba, ba zan iya kwatanta masa ba, ƙarfen sanda ma ba ya taɓuwa. Tonton ya zauna a inuwar aduwa, na buɗe kula na ba shi ruwa, na sha nawa. Ya miƙa wa Mu'azu gora mai sanyi, raɓa na bin jikinta.

«Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi.»

«Azumi kake?»

«A'a, Baba.»

«To karɓi.»

«Na gode, Baba. Sai an jima.»

Tonton ya mayar da gorar cikin kula da ƙarfi ya rufe. Aka ci gaba. A inuwa ta gaba ya sake miƙawa, aka sake godiya. Shaddar nan ta jiƙe ta manne masa a baya, sitatin ya mutu, leɓensa ya yi fari. Na ce a raina, kai dai ka ji da taurin kai, wa ya aike ka. Sai wata zuciyar ta ce mini ke kika aike shi. Na yi tsaki na kore ta.

A rami na shida Tonton ya yi wani bugu da ya karkace, ƙwallo ta faɗa cikin kwazazzabon da ke gefen hagu. Ba ya yarda a nemo masa, ya ce ai tafiyar ce maganin. Ya gangara da sanda a hannu har malafarsa ta ɓace mana. Muka rage mu biyu.

Na cire gora na miƙa masa ba tare da na dube shi ba. «Sha kafin ya dawo. Kada ka mutu mana a nan a ce mu ne.»

«Zai iya hangowa.»

«To zauna da ƙishinka.» Na mayar. Haushi ya kama ni, ban san na mene ne ba, sai na huce a kansa. «Wai ni kam, hotunan nan na Maroko, sandar aro ce? Ko mai hoto ne ke ba da haya har da safar hannu? Ka ga ko ni da na koya jiya na fi ka. Da ka faɗi gaskiya tun farko, da ba ka sha wannan rana ba.»

Duk cin fuskar da na yi masa wata da watanni bai taɓa canza fuska ba. Wannan ta shige shi. Ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba ko a falonmu.

«Ban taɓa yi miki ƙarya ba, Rahama.»

Babu Malama. Ya waiga wajen kwazazzabo, bai ga kowa ba. Ya zaro wata tsohuwar ƙwallo daga aljihu, ya jefa a kan tapi, ya zaɓi sanda ba tare da ya duba ba. Tsayuwarsa ma ta canza. Ya juya jiki gaba ɗaya, rigar ta buɗe, na ji ƙwas, wani sauti da ban taɓa ji a filin nan ba. Ƙwallo ta tashi ta bi ta saman dogon gawon da su Tonton ke zagayewa da bugu uku, ta yi ƙanƙanta har na kusa rasa ta, sannan ta sauka a kan baƙin yashin can, ta ɗan gangara ta kwanta kusa da tuta.

Bakina a buɗe yake, na sani, don ƙuda ya kusa shiga.

«Wa ya buga waccan?»

Tonton ne. Ya fito ta ɗaya gefen kwazazzabon, yana tsaye a kan tudu da ƙwallonsa a hannu. Tun yaushe yake wurin, Allah kaɗai ya sani. Ya tako a hankali har gabanmu. Mu'azu ya zube a kan gwiwa.

«Tashi. Na ce tashi. Dube ni.»

Ya tashi, amma idonsa na kan takalmin Tonton.

«Ashe ka iya. Tun sahe kana tura ƙwallo kamar ɗan yaye, kana kallona ina murna na hi ka. Ni ne abin wasanka? An ce maka ni yaro ne da za a rarrasa da alewa?»

«A yi haƙuri, Baba.»

«Wa ya ce ka yi mini haka?»

Wayarsa tana aljihun gaba, ina ganin shacinta. Vokal ɗina yana ciki, da muryata, da dariyar Sadiya a ƙarshe in aka saurara da kyau. Dannawa ɗaya ya isa. Na riƙe hannun kula har yatsuna suka yi zafi.

«Ba kowa, Baba. Ni na ga ya dace.»

Tonton ya gyaɗa kai. «Bon. Wasa ya ƙare.»

Ya juya ya nufi mota. Mu'azu ya sunkuya zai ɗauki tapi, sai na ga ya yi tangaɗi, ya dafa ƙasa, ya zauna daɓas a kan ƙarangiya. Idonsa ya juya. Ban san lokacin da na cire masa hula na juye masa gora guda a ka ba, na buɗe ta biyu na kafa masa a baki. Ko a hakan sai da ya leƙa ya tabbata Tonton ya ba da baya, sannan ya sha. Ya shanye, ya sha wata.

«Kai wane irin mutum ne?» na ce. «In an ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa?»

Ya ce in je, Tonton yana jira a rana, shi zai huta kaɗan ya tuƙa kansa. Likitocin nan biyu suka hango mu suka dawo, ɗaya ya kama hannunsa yana duba bugun jini, ya ce in tafi ba komai. Na tafi ina waiwaye.

A mota Tonton ya kafa ido a kan hanya har muka shigo gari. Ni ma ban kunna rediyo ba. Na ci nasara, ko ba haka ba? Abin da na shirya ke nan, ya kuma tafi fiye da yadda na tsara. Amma tun daga tudun nan har Bukoki ba abin da nake ji a kunnena sai ƙwas ɗin nan da «Ba kowa, Baba».

Mama ta yi shimfiɗa a falo, ta dama fura da nono, ta sa sabon lufaya kamar ranar salla. Tonton ya zauna, ya sha fura, ya goge baki.

«Hadiza, yaron ga ba ni ba shi ɗiyar ƙanena.»

Ludayin Mama ya tsaya a cikin ƙwarya. «Yaya, mi ya yi?»

«Mutumin da zai ɓoye ƙarhinsa don ya daɗaɗa mini, gobe zai ɓoye wani abu don ya daɗaɗa mata. Na zauna da irinsu a buro. Wuni guda ban ga ƙwayar idonsa ba. Ban san shi ba, kuma bai bari in san shi ba.»

Mama ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na ɗauka za ta yi faɗa, da ma ta yi. Sai ta ce a hankali: «To. Magana ɗaya muka yi, abin da Yaya ya yanke. Kin samu yadda kike so, Rahama.» Ta tashi ta shiga ɗaki da ƙwaryarta.

Tonton ya ce in kawo masa tabaransa na karatu daga mota, zai kira kawun yaron yanzu, ba ya son a bar mutane suna jira. Na kawo masa. Na wuce ɗakinmu, Sadiya ta tare ni da dariya tana cewa in ba ta labari tun daga farko. Na ce ta matsa mini. Na zauna a bakin gado ina cire ƙarangiya daga igiyar baskat, sai waya ta yi ƙara.

Babu fure wannan karon.

«Na iso gida lahiya, kada ki damu. Tun a rami na biyu na gane Tonton ba haka yake ba, na ga yadda ya ji daɗi da kika wuce shi. Na kuma gane kin san haka. Amma tun da nake zuwa gidanku ba ki taɓa neman in yi miki komi ba sai jiya. Ban so abu na farko da kika ce in yi ya zama na ƙi. In ba ki so na, da kin hwaɗa mini, da na ɗauke miki wahalar. Na goge vokal ɗin. Allah ya haɗa ki da wanda ranki ke so.»

Na karanta. Na sake karantawa. Na shiga status ɗinsa, ban san me nake nema ba, babu komai, ya cire har hoton farin wandon. Jama'a, ni Rahama mai baki, ni da ke raina mutum tun daga turarensa har zaman gwiwarsa, sai ga ni ina hawaye a kan igiyar takalmi. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da na daɗe ina murƙushewa don kawai Mama ce ta fara ganinsa.

«Lafiya?» in ji Sadiya. Dariyar ta ɗauke.

Na ba ta wayar, na tashi ba takalmi. A falo Tonton ya sa tabarau a kan hanci, ya nisanta wayarsa yana neman suna da yatsa ɗaya. Ya samu, ya danna, ya sa a lasifika yadda ya saba. Ta fara ƙara.

Na tsaya a gabansa. Ban durƙusa ba. Na dube shi cikin ido yadda ya koya mini.

«Tonton, kashe wayar. Ni na ce ya yi. Takalmin, da ruwan, da ƙwallon, duka ni ce. Kuma ina son shi.»

Labulen ɗakin Mama ya motsa. Tonton ya cire tabarau a hankali, jijiyar nan ta gefen kansa ta tashi, ya buɗe baki zai yi magana. Sai ƙarar wayar ta yanke, muryar wani dattijo ta cika falon.

«Salamu alaikum, Alhaji Yusuf. Tun sahe muke zaune muna jiran kiranka. To, mi aka yanke?»